Mugun mutum da ya koma gwarzo: kalmomin jarumta a bakin Amurkawa

A daren 25 ga Fabrairun 1964, a birnin Miami Beach da ke jihar Florida, an kaɗa ƙararrawar shiga turmi na bakwai amma Sonny Liston bai tashi daga kan kujerarsa ba. Liston shi ne zakaran duniya a damben zamani ajin masu nauyi, mutum ne da ya taɓa zaman kurkuku, kuma kallonsa kaɗai kan karya zuciyar abokin karawa tun kafin a kai naushin farko. Wanda ya gajiyar da shi a wannan dare saurayi ne ɗan shekara 22 mai suna Cassius Clay, wanda akasarin masu sharhi da masu caca suka ɗauka ba zai kai labari ba. Yaron ya ruga bakin igiya, ya dubi 'yan jaridar da suka yi ta hasashen faɗuwarsa, yana ɗaga murya cewa ya girgiza duniya, kuma cikin abin da ya faɗa har da wannan jimla: "I'm a bad man!"

Idan aka bi ma'anar da ake koya wa ɗalibi a aji, cewa ya yi shi mugun mutum ne, ko mutumin banza. Amma babu wani baƙar fatar Amurka da ya ji shi a daren ya ɗauka amsa laifi yake yi. Abin da Clay, wanda bayan 'yan kwanaki ya koma Muhammad Ali, yake nufi shi ne ya gagari kowa, ba a taka shi a kwana lafiya. Daga wannan juyi na kalmar "bad" ne da yawa cikin kalmomin jarumta na Turancin kan titi a Amurka suka samo ɗanɗanonsu, kuma wanda bai gane juyin ba zai yi ta jin zagi a inda ake yabo, ko kuma, abin da ya fi haɗari, ya ɗauki zagi mai dafi a matsayin yabo har ya maimaita shi ga wani.

Tushen abin yana gonakin auduga da rake na kudancin Amurka a zamanin bauta, wadda ba a haramta ta a faɗin ƙasar ba sai a 1865. A bakin ubangida, bawan kirki shi ne mai sunkuyar da kai, wanda ake kira "bad" kuwa shi ne mai mayar da magana, mai ƙin aiki, mai tserewa cikin dare. Sauran bayin da ke sauraro sun san wane ne cikin biyun ya fi ƙima a idonsu. Sai kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu: a farfajiyar ubangida suka ce, a bukkokin bayi kuma kirari. Masana harshe irin su Geneva Smitherman, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Jihar Michigan kuma ta yi suna wajen nazarin Turancin baƙaƙen Amurka, suna bayyana wannan da kifar da ma'ana, wato a ɗauki kalmar da aka jefe ka da ita a juya ta ta zama ado. Har a furuci ana rarrabewa, domin idan yabo ake nufi akan ja wasalin tsakiya ya yi tsawo, murya ta sauka ƙasa, yadda mai sauraro ba zai yi kuskure ba.

Sai dai zai zama rufa-rufa a ce duk wanda aka kira da wannan suna ɗan gwagwarmayar 'yanci ne. A daren Kirsimeti na 1895, a wata mashaya da ke birnin St. Louis na jihar Missouri, gardama ta kaure tsakanin wani mai suna Lee Shelton da wani Billy Lyons, dukkansu baƙaƙe. Lyons ya fizge hular Shelton, irin malafar nan ta kamfanin Stetson da mazajen lokacin ke ƙawa da ita, ya ƙi mayar masa. Shelton ya zaro bindiga ya harbe shi a ciki, ya ɗauki hularsa, ya fita hankali kwance. Lyons ya mutu, Shelton kuma ya ƙare rayuwarsa a kurkuku a 1912. Amma labarin ya shiga bakin mawaƙa, aka yi ta rera shi shekara da shekaru, har Shelton ya zama abin misalin "bad man": mutumin da ba ya tsoron hukuma, ba ya tsoron mutuwa, kuma ba ya jin tausayin kowa, har ɗan'uwansa. Saboda haka tun asali kalmar tana ɗauke da abu biyu a ƙunshe, ƙin rusunawa da rashin imani, kuma har yau ba ta ajiye ko ɗaya ba. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda kalmarmu ta "gagararre" ma haka take, ana faɗar ta ga barden da ya gagari maza, ana kuma faɗar ta ga ɗan fashin da ya gagari 'yan sanda.

Kalmar da ta fi kowace yawo a wannan fage a yau ita ce "badass". Rabinta na farko shi ne wanda muka yi bayani. Rabi na biyu, "ass", a tsohon Turanci jaki yake nufi, amma a bakin Amurkawa mazaunan mutum ne, kuma kalma ce ta rashin ladabi wadda ba a furta ta a gaban manya. Amurkawa kan liƙa ta a bayan siffa domin ƙara mata ƙarfi, ko su sa ta ta wakilci mutum ɗungurungum, don haka babu amfani a tsaya fassara sassan biyu ɗaya bayan ɗaya, ma'anar ba a can take ba. Ƙamusoshin Turanci suna nuna bayyanarta a rubuce a shekarun 1950, kuma a lokacin ba yabo ba ce: tsagera take nufi, mai neman faɗa, mai cin zalin na ƙasa da shi, sau da yawa ma wanda ke cika baki alhali babu komai a ƙasa. A 1971 mai shirya fim Melvin Van Peebles ya sa ta a cikin sunan wani fim nasa game da baƙar fata da ya yi fito-na-fito da 'yan sanda, ya ninka haruffanta domin a ji jan da ake yi mata a baki. Daga shekarun 1970 zuwa gaba, ta hanyar finafinai da barikokin soja da waƙoƙin hip-hop, nauyinta ya yi ta karkata zuwa yabo, har ta kai yau ɗan jami'a farar fata a jihar Iowa yana faɗar ta ba tare da ya san daga inda ta fito ba.

To, mene ne ake nema ga mutum kafin a kira shi haka a yau? Ƙarfin damtse bai wadatar ba, hayaniya kuwa tana ma rage masa daraja. Abin da Amurkawa ke gani shi ne ƙwarewa haɗe da sanyin kai a lokacin da kowa ya ruɗe. Ranar 15 ga Janairun 2009 wani jirgin fasinja na kamfanin US Airways ya tashi daga filin jirgin LaGuardia a New York, bai jima a sama ba ya yi karo da garken dinya, injunansa biyu suka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya shaida wa masu kula da zirga-zirgar jirage, da murya kamar ta mai ba da labarin yanayi, cewa a kogin Hudson za su sauka. Ya kwantar da jirgin a kan ruwa a tsakiyar hunturu, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira, shi kuma bai fita ba sai da ya bi tsakanin kujeru sau biyu, ruwa na shigowa, domin ya tabbatar ba a bar kowa ba. Irin wannan mutum ne Ba'amurke zai girgiza kai ya kira "badass", dattijo mai furfura wanda bai daki kowa ba. A nan akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: wannan suna wasu ne ke ba ka shi. Wanda ya kira kansa da shi ya riga ya fita daga sahu, sai dai in, kamar Ali, ya faɗa ne a gaban shaidu bayan ya gama aikin.

Wani bambanci na nahawu yana da kyau a lura da shi. A daidaitaccen Turanci, idan ana so a ce abu ya fi kowane muni, "worst" ake cewa. Amma idan jarumta ake nufi sai a ce "baddest", sigar da malamin makaranta zai ja wa jan biro. Lokacin da Mike Tyson ya kayar da Trevor Berbick a Nuwamban 1986 ya zama zakaran masu nauyi mafi ƙarancin shekaru a tarihi, yana ɗan shekara 20, laƙabin da ya biyo shi shi ne "Baddest Man on the Planet", wato wanda ya fi kowa gagara a doron ƙasa. Da an ce "worst", da an mayar da shi ɗan damben da ya fi kowa rashin iya dambe. Haka ma ƙungiyar ƙwallon kwando ta Detroit Pistons, wadda ta ci kofin NBA a 1989 da 1990 da wasa mai tsananin gurzawa, magoya bayanta da alfahari suke kiran ta "Bad Boys". Hausa ma tana da irin wannan dabara, inda saurayi kan ce wa abokinsa "shege" bayan ya zura ƙwallo mai wuya, ko a ce abu ya yi "mugun kyau", kuma kamar yadda ba za ka ce wa surukinka shege ba komai bajintarsa, haka "badass" take da iyakarta. Ba a sa ta a takardar neman aiki, ba a faɗar ta a gaban alƙali ko a majami'a, kuma iyaye da yawa a Amurka kan tsawata wa yaron da ya furta ta a wajen cin abinci.

Akwai 'yar'uwarta da ake yawan rikita su, wato "hard-ass". Wannan ba jarumi ba ne, mai tsanani ne: shugaban aikin da ba ya karɓar uzuri, sajan mai horar da kurata, uban da ba ya sassauci. Ana iya girmama shi, amma ba a cika son zama da shi ba.

Ita kuwa "tough", uwar dangin, kalma ce mai tsabta da za a iya faɗa a ko'ina, kuma ma'anarta ta asali daidai take da "tauri" namu, naman da ya ƙi tauna ko fatar da ta ƙi yanka. Abin da ke sauya ta shi ne abin da aka haɗa ta da shi. "Tough as nails" yana kwatanta mutum da ƙusa, yabo ne kai tsaye. "Tough cookie" ya kwatanta shi da biskit mai tauri, kuma an fi faɗar sa cikin ƙauna ga mace ko yaro ko tsohuwar da ta sha jinya ba ta yi ƙorafi ba. "Tough love" shi ne horon da ake yi wa wanda ake so domin a cece shi, kamar iyayen da suka daina ba ɗansu mashayi kuɗi. "Tough luck" kuwa ba ta da alaƙa da jarumta, hanya ce ta ce wa mutum matsalarsa ce, ba a tausaya masa ba. Wadda ta fi yaudarar baƙo ita ce "tough guy". A rubuce tana nufin ƙaƙƙarfan namiji, amma idan wani ya dube ka ya kira ka da ita a tsakiyar gardama, gatse ne, tsokana ce ta neman ka nuna abin da kake taƙama da shi. Daga nan aka samo sunan "internet tough guy" da ake ba masu barazana a intanet, waɗanda jarumtarsu ba ta wuce allon rubutu.

Sauran 'yan dangin ba sa buƙatar dogon bayani. "Guts" hanji ne, domin a inda Bahaushe ke ajiye jarumta a zuciya, Ba'amurke a ciki yake ajiye ta. "Hard-boiled" dafaffen ƙwai ne da ya yi tauri, aka mayar da shi sunan jami'in bincike na labaran shekarun 1920 da 1930 wanda ya ga mugun abu har ya daina girgiza. "Hardcore" tana nufin wanda ya kai maƙura a abin da yake yi, amma sai a yi hattara da ita, domin ita ce kuma ake liƙa wa hotunan batsa. "Grit" tsakuwa ce ko yashi mai kaushi, kuma ta ɗauki ma'anar naci da juriya na dogon zango. Masaniyar halayyar ɗan'adam Angela Duckworth ta Jami'ar Pennsylvania ta shigar da ita fagen ilimi da binciken da ta yi, ciki har da na kuratan kwalejin soja ta West Point, kan abin da ke sa wasu su jure horo wasu su gudu. "OG" kuma taƙaitawa ce ta "original gangster", daga ƙungiyoyin daba na Los Angeles ta fito, amma yanzu ta koma abin da za mu kira tsohon hannu, har malamar makaranta da ta shekara talatin tana koyarwa ana iya kiran ta haka.

Inda nake ganin ya kamata mai koyo ya tsaya ya yi nazari sosai shi ne kalmomi biyu da matasa ke ɗauka daga waƙoƙi da shafukan sada zumunta suna zaton ado ne. Ta farko ita ce "thug". Daga Indiya Turawan Ingila suka kawo ta, sunan 'yan fashi ne masu shaƙe matafiya, waɗanda gwamnatin mulkin mallaka ta yaƙa a shekarun 1830. Mawaƙi Tupac Shakur, wanda aka kashe a 1996, ya yi ƙoƙarin kifar da ita kamar yadda aka kifar da "bad", har ya zana ta a cikinsa, yana nufin talakan da aka haifa ba shi da komai amma ya ƙi durƙusawa. Sai dai wannan kifarwa ba ta kammala ba. A Janairun 2014, bayan Richard Sherman, baƙar fata ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Seattle Seahawks, ya yi wata hira cikin zafin rai a ƙarshen wasa, aka yi ta kiran sa "thug" a talabijin da intanet, shi da ya gama Jami'ar Stanford kuma bai taɓa kowa ba. Amsar da ya bayar ita ce kalmar ta zama hanyar da aka yarda da ita ta jifan baƙar fata da tsohon zagin nan na wariya ba tare da an furta shi ba. A 2015 muhawarar ta sake tashi lokacin tarzomar Baltimore bayan mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda, inda Shugaba Barack Obama da magajiyar garin suka yi amfani da kalmar ga masu ƙone-ƙone, mutane da yawa kuma suka ji zafin haka. Ta biyu ita ce "savage", wadda yara ke faɗa ga wanda ya ba da amsa mai zafi ba tare da jin kunya ba. Wannan kalma ce da aka yi amfani da ita wajen halatta ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka, kuma tana nan a rubuce a kansu cikin takardar ayyana 'yancin kai ta 1776. Jikokinsu ba su manta ba, kuma ba na ganin ya dace ɗan Afirka, wanda aka jefi kakanninsa da kalmar nan ita kanta, ya ɗauke ta da wasa.

A cikin shekarun baya-bayan nan "badass" ta buɗe ƙofarta ga mata, kuma wannan sauyi ne na gaske ga kalmar da ta tashi a mashaya da filin dambe. Yanzu ana faɗar ta ga matuƙiyar jirgin yaƙi, ga likita, ga uwar da ke aiki biyu tana rainon 'ya'ya ita kaɗai. Ana faɗar ta ga Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta a jihar Maryland a 1849, ta koma kimanin sau 13 ta fito da kimanin mutum 70 da bindiga a ɗamararta, sannan a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, ta yi wa sojojin arewa jagora a harin kogin Combahee inda aka 'yantar da bayi sama da 700. Idan akwai wanda ya cancanci ma'anar farko ta kalmar, bawan da ubangida ya kira "bad", to ita ce. Amma a daidai wannan lokaci 'yan kasuwa sun kama kalmar sun tatse ta, ana liƙa ta a kan mota da takalmi da kofin shayi da gasasshen nama, har ta kusa zama wata hanya ta cewa abu ya burge. Yana yi mini nauyi in ji kalma ɗaya tana ɗaukar Tubman da tallar babur, kuma ina ganin wanda ke fassara zuwa Hausa bai kamata ya bi su ba: ga Tubman akwai gwarzuwa da jaruma, ga babur kuwa "ya haɗu" ta wadatar.

Akwai kuma batun lokaci, domin Amurka ta saba jinkirta wannan yabo har sai mai shi ya daina ba ta tsoro. Ranar 28 ga Afrilun 1967, a cibiyar ɗaukar soja da ke Houston, an kira sunan Ali domin ya tako gaba ya shiga rundunar da ke yaƙi a Vietnam, ya tsaya cak a inda yake. Babu ihu a ranar, babu kirari. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi lasisin dambe, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, kuma jaridu da dama suka ci gaba da kiran sa Clay, sunan da ya ce na bauta ne. Bai shiga kurkuku ba saboda ɗaukaka ƙara, amma bai sake dambe ba sai a Oktoban 1970, wato ya rasa sama da shekara uku na ganiyar ƙarfinsa, kafin Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. A waɗannan shekaru, a bakin Amurkawa da yawa, "bad" ɗin da ke kansa ta ƙamus ce, ba ta kirari ba. Sai a 1996, lokacin da ya kunna wutar gasar Olympics a Atlanta hannunsa na rawa saboda cutar Parkinson, filin wasa ya miƙe tsaye yana kiran sunansa, kuma a 2005 Shugaba George W. Bush ya rataya masa lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar.